Imanin Ɗan Takara Game da Asalin Halitta: Ina Ruwan Mai Ƙuri'a?

A siyasar Amurka akwai tambayar da kan taso kusan duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, musamman a zaɓen fitar da gwani na jam'iyyar Republican. Tambayar ita ce, shin ɗan takara ya yarda da bayanin da masana kimiyya suka yi kan shekarun duniya da yadda halittu suka sauya a tsawon zamani, ko kuwa yana tare da masu cewa an yi komai a cikin kwana shida, shekaru 'yan dubbai da suka wuce? Daga nan sai wata tambayar ta biyo baya, wadda ta fi ta farko nauyi: amsar da ya bayar, ya dace ta shiga cikin ma'aunin da mai jefa ƙuri'a zai auna shi da shi, ko kuwa lamari ne tsakaninsa da Mahaliccinsa?

Kafin a shiga gardamar, sai an tsabtace ma'anar kalma. Mai karatu Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista, idan aka tambaye shi wa ya halicci duniya, amsar a bakinsa take. Haka ma mafi yawan Amurkawa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da Amurkawa ke jayayya a kansa wata aƙida ce takamaimai, wadda za a iya kiranta aƙidar halitta kai tsaye. Masu ita suna cewa an halicci kowane jinsin halitta a siffar da yake a yau, kuma ka'idar juyin halitta, wadda Charles Darwin ya shimfiɗa a littafinsa na 1859, ƙarya ce. Su ma ba bakinsu ɗaya ba. Masu tsananin cikinsu sun ce duniya ba ta wuce shekara 6,000 zuwa 10,000 ba. Lissafin ya samo asali ne daga irin aikin da wani babban limamin coci a Ayalan, James Ussher, ya yi a 1650, inda ya bi jerin zuriyoyin da ke Littafi Mai Tsarki ya tsayar da farkon halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu sun yarda duniya tsohuwa ce, amma ba su yarda wani jinsi ya fito daga wani ba. Akwai kuma waɗanda ba sa ambaton Littafin Farawa ko kaɗan, sai dai su ce sarƙaƙiyar jikin halitta ta nuna akwai mai basirar da ya tsara ta, kuma suna so a koyar da wannan a darasin kimiyya.

A gefe guda kuma akwai miliyoyin masu addini da suka haɗa biyun: Allah ne Mahalicci, sauyawar halittu a tsawon zamani kuma hanya ce da Ya tsara. Cocin Katolika ta buɗe wannan ƙofa tun 1950 a zamanin Fafaroma Pius na 12, kuma a 1996 Fafaroma John Paul na 2 ya ƙara buɗe ta, tare da riƙe cewa ran ɗan Adam daga Allah yake kai tsaye. A ɓangaren Musulmi kuwa, lissafin Ussher bai ɗaure kowa ba, kuma masu tafsiri da yawa ba su ɗauki kwanakin halitta a matsayin kwanakin awa 24 ba. Inda malamai suka fi tsayawa shi ne halittar Annabi Adamu. Saboda haka rigimar shekara 6,000 rigima ce ta wani ɓangare na Kiristocin Furotesta, kuma cibiyarta Amurka ce.

Matsayin kimiyya a kan shekarun duniya a fili yake: kimanin shekara biliyan 4.5. Ana gano haka ne ta hanyar auna yadda wasu ma'adinai ke rikiɗa a hankali bisa ƙa'ida tsayayya. Yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit, yana rikiɗa ya koma dalma, kuma mafi yawan nau'insa yakan ɗauki kusan shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗa. Da irin wannan awo ne Clair Patterson ya fitar da adadin a 1956, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su rushe shi ba. Ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere sun haura shekara miliyan 100, ƙoƙon kan da aka samu a arewacin Chadi a 2001, wanda aka sa wa suna Tumai, an ƙiyasta masa kimanin shekara miliyan 7.

Yawan masu aƙidar a Amurka shi ya sa 'yan siyasa ba sa wasa da ita. Cibiyar Gallup tana yin tambaya ɗaya tun 1982. A waccan shekara, kashi 44 cikin 100 sun ce Allah Ya halicci mutum a siffarsa ta yanzu cikin shekara 10,000 da suka wuce. A 2019 adadin kashi 40 ne, a 2024 kuma 37. Sai dai waɗannan alƙaluma suna buƙatar a karanta su da lura. Cibiyar Pew ta gwada sauya yadda ake jero tambayar. Da aka fara tilasta wa mutane zaɓi tsakanin juyin halitta da akasinsa, kashi 31 suka ƙi shi. Da aka ba su tun farko damar cewa an yi juyin halitta amma da ikon Allah, sai masu ƙi suka koma kashi 18. Wato mutane da yawa suna jin tambayar ce kamar ana cewa su zaɓi tsakanin Allah da Darwin, kuma idan aka sa mumini a wannan lungu an san abin da zai zaɓa. Wannan ya shafi 'yan takara kamar yadda ya shafi talakawa.

Shari'ar Dayton da abin da ya biyo baya

Shigar lamarin cikin siyasa ta daɗe. A 1925 jihar Tennessee ta kafa dokar da ta hana malaman makarantun gwamnati koyar da cewa mutum ya fito daga wata dabba. Wasu 'yan kasuwa a ƙaramin garin Dayton suka ga dama ce ta jawo wa garinsu suna, suka lallashi wani matashin malami mai shekara 24, John Scopes, ya yarda a gurfanar da shi. Mai taimaka wa masu gabatar da ƙara shi ne William Jennings Bryan, wanda ya tsaya wa jam'iyyar Democrat takarar shugaban ƙasa har sau uku, a 1896 da 1900 da 1908. Mai kare Scopes kuma fitaccen lauya ne, Clarence Darrow. Watan Yuli ne, zafi ya yi tsanani, jama'a sun cika kotu maƙil, har alƙali ya mayar da zama waje ƙarƙashin itatuwa. A nan ne Darrow ya yi abin da ba a saba gani ba, ya kira Bryan kansa ya hau kujerar shaida a matsayin masanin Littafi Mai Tsarki, ya yi ta yi masa tambayoyi kan ruwan Ɗufana da kifin Annabi Yunusa da kwanakin halitta. Bryan ya amsa cewa ba lallai ne kwanakin su zama na awa 24 ba, abin da ya ɓata wa wasu magoya bayansa rai. Masu taimaka wa alƙali ba su wuce minti tara ba suka dawo da hukunci, aka ci Scopes tarar dala 100. Kwana biyar bayan haka Bryan ya rasu a garin.

Ana yawan tuna Bryan a matsayin wanda aka kunyata, amma tarihinsa ya fi haka faɗi, kuma yana da darasi ga mai auna ɗan takara. Shi ne ɗan siyasar da ya yi shekaru yana kare manoma da leburori daga manyan bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa, ya goyi bayan ba mata damar zaɓe. Ƙiyayyarsa ga Darwin ba ta tsaya ga nassi kaɗai ba. Yana ganin ana amfani da sunan Darwin a halatta wa mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi. Kuma littafin da Scopes ya koyar da shi ya jera jinsunan mutane hawa-hawa da Bature a sama, ya kuma yaba wa ra'ayin hana waɗanda aka ɗauka marasa nagarta haihuwa. Bryan ya yi kuskure a kan kimiyya, amma abin da ya hango a wancan shafi haɗari ne na gaske. Mutum ɗaya yana iya kuskurewa a fage ɗaya ya kuma fi abokan gardamarsa gani a wani.

Dokar Tennessee ta zauna har 1967. Daga nan kotuna suka riƙa rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. A 1968 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Arkansas da ta hana koyar da juyin halitta. Masu aƙidar suka sauya dabara, suka nemi a ba ɓangarorin biyu lokaci daidai a aji. A 1987 Kotun Ƙoli ta soke irin wannan doka ta jihar Louisiana, bisa hujjar cewa manufarta ɗaukaka wani addini ne, abin da gyaran farko na kundin tsarin mulki ya haramta wa gwamnati.

Abin da doka ta ce game da ɗan takara

Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, ya hana a gindaya sharaɗin addini ga duk mai neman muƙamin gwamnati. Waɗanda suka rubuta shi sun san yadda dokokin Ingila suka daɗe suna toshe wa 'yan Katolika da wasu ɗariƙun Furotesta hanyar muƙami. A 1961 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa jihohi ma ba su da ikon tilasta wa mai muƙami ya furta imani da Allah. Masu cewa a bar ɗan takara da imaninsa sukan fara da wannan sashe. Amma sashen gwamnati ya ɗaure, bai ɗaure mai ƙuri'a ba. Ba wanda zai shiga rumfar zaɓe ya hana mutum ƙin ɗan takara saboda addininsa, ko son sa saboda shi. Abin da ya rage shi ne tambayar adalci da hikima.

Ɗan takarar shugaban ƙasa John F. Kennedy ne ya ba da amsar da aka fi tunawa. A Satumban 1960, lokacin da ake zargin cewa ɗan Katolika zai riƙa karɓar umarni daga Fafaroma, ya tsaya gaban limaman Furotesta a Houston ya ce a auna shi da abin da zai yi a ofis, ya kuma yi alƙawarin cewa idan wata rana aikin ofis ya ci karo da lamirinsa zai ajiye muƙamin. Wannan ma'auni ya dace da imanin da ya shafi gaibu, kamar matsayin Fafaroma ko rayuwa bayan mutuwa. Aƙidar shekara 6,000 kuwa ta ɗan bambanta, domin ta yi iƙirari a kan abin da ake iya aunawa da awo: shekarun dutse, tsarin ƙasa, dangantakar ƙwayoyin gado. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin hujjar masu cewa lamarin ya shafi mai zaɓe.

Ranar 3 ga Mayun 2007, 'yan takarar Republican su goma suka yi muhawara a ɗakin karatu na Reagan a California. Aka ce duk wanda bai yarda da juyin halitta ba ya ɗaga hannu. Uku suka ɗaga: Sanata Sam Brownback, tsohon gwamnan Arkansas Mike Huckabee, da ɗan majalisa Tom Tancredo. Wani daga cikinsu, John McCain, ya ce ya yarda, amma ya ƙara da cewa idan ya ga faɗuwar rana a Grand Canyon yana ganin ikon Allah. Hoton hannayen nan uku ya zaga duniya. Bayan wata guda Huckabee, wanda tsohon fasto ne, ya mayar da martani cewa shugabancin ƙasa yake nema, ba rubuta manhajar kimiyya ta 'yan ƙaramar sakandare ba. Tun daga nan tambayar ta zama tarko. A 2011 gwamnan Texas Rick Perry ya gaya wa wani yaro a New Hampshire cewa ka'idar tana da giɓi. A 2012 Sanata Marco Rubio ya kauce wa tambayar shekarun duniya da cewa shi ba masanin kimiyya ba ne, daga baya ya dawo ya ce biliyan 4.5 ne. A 2015 gwamnan Wisconsin Scott Walker ya ƙi amsawa gaba ɗaya a London.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu cewa amsar tana da muhimmanci suna kallon ta a matsayin taga da ake leƙa yadda mutum ke mu'amala da hujja. Shugaba zai yanke hukunci kan annoba da magani da noma da makamashi, kuma zai dogara da masana. Idan ya iya watsar da abin da masana ƙasa da na taurari da na ƙwayoyin gado suka haɗu a kansa don bai yi masa daɗi ba, me zai hana shi yin haka ranar da rahoton ma'aikatar lafiya ya saɓa wa son ransa? Kuma ka'idar ba ta tsaya a aji ba. Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa a shekarun 1980 ya san ɗacin kilorokwin da ƙaiƙayin da yake sa wa wasu har su kasa barci. Maganin ya yi aiki shekaru da yawa, sannan ya fara gazawa, domin ƙwayoyin cutar zazzaɓin cizon sauro da suka iya jure masa su ne suka tsira suka hayayyafa, har Najeriya ta sauya manufarta ta magani a 2005. Wannan shi ne zaɓin yanayi da Darwin ya bayyana, yana aiki a cikin jinin mutum. Haka ma sikila: a 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadonta yana samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa ta yawaita a inda sauro ya yawaita.

Misalin da masu wannan ra'ayi suka fi kawowa shi ne Paul Broun, likita kuma tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Georgia. A 2012, a wani taron coci, ya kira juyin halitta da ilimin samuwar ɗan tayi da bayanin farkon sararin samaniya ƙarairayi daga ramin wuta, ya ce duniya ba ta wuce kimanin shekara 9,000 ba. A lokacin yana cikin kwamitin kimiyya na majalisar, wanda ke sa ido kan hukumomin bincike na ƙasa. Ba shi da abokin hamayya a zaɓen wannan shekara, sai kusan mutum 4,000 suka rubuta sunan Darwin a takardar ƙuri'a don nuna fushinsu. A irin wannan hali ba za a ce imanin ya tsaya a zuci ba, tunda shi da kansa ya ce da shi yake auna yadda yake jefa ƙuri'a a majalisa.

Ɗaya ɓangaren ma yana da hujjoji masu ƙarfi. Na farko, mafi yawan masu aƙidar halitta kai tsaye ba sa musun labarin kilorokwin. Suna karɓar ƙananan sauye-sauye a cikin jinsi ɗaya, abin da suke ƙi shi ne fitowar wani jinsi daga wani. Masana suna ganin wannan iyaka ba ta da tushe, amma a aikace tana nufin mutum na iya ƙin Darwin ya kuma ba da kuɗin binciken magani. Na biyu, zukatan mutane ɗakuna-ɗakuna ne. Ben Carson, wanda ya nemi takarar shugaban ƙasa a 2016, ya fito fili ya ƙi juyin halitta, alhali shi ne likitan ƙwaƙwalwa da ya jagoranci raba tagwayen da aka haifa manne a ƙeya a asibitin Johns Hopkins a 1987. Ba wanda zai ce hannunsa bai san hujja ba a ɗakin tiyata. Na uku, binciken Dan Kahan na jami'ar Yale ya nuna cewa amsar “na yarda” ko “ban yarda ba” ba ta auna fahimtar ka'idar. Da yawa daga masu cewa sun yarda ba za su iya bayyana yadda zaɓin yanayi ke aiki ba, wasu masu cewa ba su yarda ba kuma suna cin jarrabawarsa. Amsar tana nuna wace jama'a mutum yake ciki fiye da abin da ya sani.

Akwai kuma gaskiyar da bai kamata a tsallake ba: mafi munin watsi da kimiyya da shugabanni suka yi a ƙarni na 20 da farkon na 21 bai fito daga coci ba. A Tarayyar Sobiyet, gwamnatin da ba ta yarda da Allah ba ce ta ɗaure wa Trofim Lysenko gindi ya rushe ilimin gado, aka jefa babban masanin tsirrai Nikolai Vavilov kurkuku ya mutu a can a 1943, noma ya sha wahala shekaru. A Afirka ta Kudu, shakkun Shugaba Thabo Mbeki kan ƙwayar da ke haddasa ƙanjamau ba na addini ba ne, kuma masu bincike a Harvard sun ƙiyasta cewa jinkirin raba magani ya ci rayuka sama da 330,000. A ɗaya hannun, Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta dukan ƙwayoyin gadon ɗan Adam, Kirista ne mai riƙo da addini, ya yarda da juyin halitta, kuma Shugaba Obama ya naɗa shi shugaban cibiyoyin binciken lafiya na ƙasa a 2009. Wanda ya mayar da tambayar ta zama gwajin addini zai yi kuskure ta fuska biyu, ya kori Collins saboda imaninsa, ya kuma buɗe wa Lysenko ƙofa.

Inda ikon yake

Idan aka ajiye hayaniyar muhawara aka duba wa ke da ikon yin me, sai a ga lamarin ya juye. Shugaban Amurka ba ya rubuta manhaja. Tasirinsa a kaikaice yake, ta hanyar alƙalan da yake naɗawa da shugabannin hukumomin bincike da kasafin kuɗi. Shugaba George W. Bush ya ce a Agustan 2005 ya kamata ɗalibai su ji ɓangarorin biyu, amma maganar ba ta sauya littafi ko ɗaya ba. Masu ikon gaske su ne hukumomin ilimi na jihohi da na gundumomin makarantu, waɗanda suka kai kimanin 13,000, kuma mafi yawansu zaɓensu ake yi, a zaɓukan da mutane ƙalilan ke fitowa.

Garin Dover a jihar Pennsylvania ya nuna haka ƙarara. A 2004 hukumar makarantun garin ta ba da umarnin a karanta wa 'yan ajin farko na babbar sakandare wata gajeriyar sanarwa kafin darasin juyin halitta, wadda ke cewa ka'idar tana da giɓi, tana kuma tura su ga wani littafi mai koyar da ra'ayin mai basirar da ya tsara halitta. An sayo kofe 60 na littafin, da kuɗin da wani ɗan hukumar ya tara a cocinsu. Malaman kimiyya suka ƙi karanta sanarwar, sai jami'an ofis ne suka shiga aji suka karanta. Iyaye 11 suka kai ƙara. A kotu aka fito da tsoffin daftarorin littafin, aka ga cewa bayan hukuncin 1987 an bi shafi-shafi an cire kalmar halitta an sa kalmar tsari, sauran jimlolin kuma suna nan yadda suke. Alƙali John Jones, ɗan Republican mai zuwa coci wanda Bush ɗin ne ya naɗa shi, ya yanke hukunci ranar 20 ga Disamban 2005 cewa wannan addini ne aka sauya wa riga, ya kuma ce wasu 'yan hukumar sun yi ƙarya bayan sun yi rantsuwa. Amma kafin ya yanke, mutanen garin sun riga sun yanke nasu: a zaɓen Nuwamba sun kayar da dukan mutum takwas na hukumar da suka sake tsayawa. Gundumar ta biya dala miliyan 1 na kuɗin shari'a, kuɗin da aka tara don karatun yara.

A Kansas, hukumar ilimi ta jiha ta cire yawancin juyin halitta daga ma'aunin karatu a 1999, masu zaɓe suka sauya 'yan hukumar aka dawo da shi a 2001, aka sake raunana shi a 2005, aka sake dawo da shi a 2007. A Texas, wadda girman kasuwarta ke sa masu buga littattafai su saurare ta, wani likitan haƙori mai aƙidar ƙaramin shekarun duniya, Don McLeroy, ya shugabanci hukumar mai mutum 15 lokacin da ake sabunta ma'aunin kimiyya a 2009. Tasirin irin wannan matsin lamba yana kaiwa har cikin aji ko da ba a kafa doka ba. Wani bincike da Michael Berkman da Eric Plutzer suka wallafa a 2011 ya gano cewa a lokacin kashi 28 cikin 100 ne kawai na malaman ilimin halittu ke koyar da ka'idar kai tsaye ba kwana-kwana, kashi 13 suna koyar da akasinta, sauran kusan kashi 60 kuma suna lallaɓawa don gudun rigima da iyaye.

Daga nan ake gane cewa nauyin tambayar yana bin kusancin kujerar da allo ne. Ga mai neman kujerar hukumar makarantu, ra'ayinsa kan abin da za a koyar shi ne ainihin aikin da yake nema, kuma ɓoye shi yaudara ce. Ga gwamna, wanda ke sa hannu a doka, tambayar tana da nauyi matsakaici. Ga shugaban ƙasa, alama ce ɗaya cikin alamu da yawa. Kuma a kowane mataki, abin da mutum ya yi da iko ya fi abin da ya furta bayyana shi. Sarah Palin ta ce a muhawarar takarar gwamna ta 2006 a koyar da biyun, amma da ta zama gwamnar Alaska ba ta tura dokar haka ba. Bobby Jindal kuwa, wanda ya zama gwamnan Louisiana, ya karanci ilimin halittu a jami'ar Brown, kuma shi ne ya sa hannu a dokar Louisiana ta 2008 wadda ta ba malamai damar shigo da ƙarin takardu masu sukar ka'idar. Daga baya wani ɗalibin sakandare ya tara sa hannun masu lambar Nobel fiye da 70 yana neman a soke ta, majalisar jihar ta ƙi shekara bayan shekara. Wanda ya dogara da takardar digiri ko da furucin muhawara zai yi wa gwamnonin nan biyu gurguwar fahimta. Tambayoyin da suka fi ɗaga hannu amfani su ne: me za a koyar a darasin kimiyya, wa za a naɗa, kuma yaushe ne ɗan takarar ya taɓa sauya matsayi saboda hujja ta rinjaye shi?

A wajen Amurka lamarin kan taso jefi-jefi. A zaɓen Kanada na 2000, rahotannin cewa jagoran adawa Stockwell Day ya yarda da ƙaramin shekarun duniya sun zama makamin abokan hamayyarsa. A Ayalan ta Arewa, Edwin Poots, wanda ya taɓa cewa duniya shekararta 6,000, ya zama shugaban jam'iyyar DUP a 2021, kuma abin da ya kayar da shi cikin mako uku rigimar cikin gida ce kan dokar harshen Ayalan. A Turkiyya kuwa, inda gwamnatin tsakiya ke riƙe da manhaja, an cire babin juyin halitta daga karatun sakandare a 2017 da umarni ɗaya daga ma'aikatar ilimi.

A Najeriya addinin ɗan takara yana da nauyi ƙwarai, kamar yadda ce-ce-ku-cen tikitin Musulmi da Musulmi ya nuna a zaɓen 2023, amma ba a tambayar kowa shekarun duniya. Dalili ɗaya shi ne tambayar ba ta raba jama'a gida biyu yadda jam'iyya za ta ci riba da ita. Wani dalilin kuma na tsari ne. Babu zaɓaɓɓun hukumomin makarantu a unguwanni, hukumar tarayya ce ke tsara manhaja, kuma darasin Darwin yana cikin abin da WAEC da NECO ke tambaya a jarrabawar ilimin halittu. Ɗalibi a Zariya ko Katsina yana karanta shi da safe, da yamma ya tafi Islamiyya, ba tare da wani ɗan takara ya nemi ƙuri'ar iyayensa a kan haka ba.